Ƙwan da Ya Mutu a Motar Mai Ƙwai

Motar ta sake mutuwa, wannan karon a tsakiyar mararraba, da kiret ɗin ƙwai jere a bayanta har kusa da rufi. Uwar Biyu ta murɗa makulli, abin ya yi ƙas-ƙas kamar mai tsaki, daga nan shiru. Masu motocin baya suka dasa hannu a kan hon. Wani ma ya leƙo ta taga ya ce mata ta koma gida ta yi wanke-wanke, kuma wallahi ba don ƙwan na mutane ne ba, da ta sauko ta fasa masa ɗaya a goshi. Ƙarshe dai wasu 'yan dako suka tura ta gefen titi, ta yi musu godiya.

Motar ta mijinta ce, wanda kowa ke kira Mai Ƙwai, wata tsohuwar farar bas da aka cire wa kujerun baya. Da ita yake ɗauko ƙwai daga gidajen gona ya raba wa shaguna da gidajen burodi, da ita aka ci aka sha, aka sa tagwayensu a makaranta. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ya tafi masa da hannun dama da ƙafa da magana, ita ta karɓi makulli. Tuƙi kam ta iya, shi ya koya mata, har ta fi shi laushin ƙafa. Masu shaguna sun shaida ba a taɓa kawo musu ƙwai lafiya lau irin na hannunta ba. Amma motar nan, kai! Tun ranar da ta fara hawanta batir ya hana ta sakat.

Ba irin kai-kawon da ba ta yi ba. Aka ce batir ya tsufa, ta sa sabo, bai yi wani nisa ba shi ma ya sheƙa barci. Aka ce to altaneta ce, wato na'urar da ke cika batir idan inji na tafiya. Aka kwance ta aka gwada, aka ce ras take. Kowane makaniki ta je wa, abu ɗaya ne: ya karɓi makulli, ya tayar, ya sa mita, ya juyo yana murmushin nan mai ban haushi ya ce, “Hajiya, caji take yi lafiya lau.” Ran nan kuwa sai motar ta wuni garau, Uwar Biyu ta koma gida da murna. Kafin a je ko'ina kuma fitila ta fara lumshewa, hon ya dushe, a dawo gidan jiya.

Sai baki ya fara yawa a layi. Wata maƙwabciya ta ce ai mota ta san hannun mai ita, kewarsa take yi. Wata ta ce sa mata ido aka yi. Uwar Biyu takan yi tsaki in ta ji, amma fa in ta zauna ita kaɗai a bayan sitiyari, sai ta tsinci kanta tana shafa shi tana cewa, “Me na yi miki ne?”

Yaya Babba, wan mijinta, shi bai tsaya wannan surutun ba. Mutumin kirki ne, shi ke ɗaukar ƙanin nasa cak ya kai shi gashi asibiti, amma in ya yanke magana ya yanke.

“Ƙanwata, ba don na raina ƙoƙarinki ba,” ya ce mata da safiyar ranar. “Motar nan ta ƙi ki. A sayar da ita tun tana da sauran daraja, a yi wa ɗan'uwana magani. Na yi magana da dillali, da yamma zai zo ya gani.”

Ba ta musa masa ba. Amma ta san in motar ta tafi, sana'ar ta tafi ke nan, abin da aka samu zai ƙare, su koma zaman kallon hannun dangi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne a gaban mijinta aka yi maganar, yana kan kujerarsa a baranda, bakinsa na motsi ba abin da ke fita.

Mai gidan burodin da take kai wa ƙwai ne ya same ta a gefen titi. Ya sauke nasa kason, ya ɗaura igiya ya ja ta da motarsa, ya ce akwai wani mai gyaran wayarin mota a bayan kasuwar kayan gyara, ta gwada shi ko Allah zai sa a dace.

“Tsaya-Tukuna ake ce masa,” in ji shi. “In kina sauri ne, gara ma mu juya.”

Rumfar kwano ce doguwa, ƙasanta baƙi ƙirin da tsohon mai. Batura jere a kan katako, kowanne da wayoyi ja da baƙi sun cije masa kunne, suna ta ɗan tsiyi, warin ruwan batir na shiga hanci. A jikin bango damin wayoyi ne rataye a ƙusoshi, ga gawarwakin altanetoci a cikin rabin duro. Mai wurin wani siririn dattijo ne, rigarsa duk huji inda ruwan batir ya ci, tabaransa ɗaure da jar waya a gefe guda.

Tana sauka ta miƙa masa makulli, kamar yadda ta saba. Ya mayar da hannayensa baya.

“Tsaya tukuna. Ni ke tuƙa ta?”

“A'a, Baba, ni ce.”

“To riƙe abinki. Ni ba na taɓa makullin mutane. A hannunki take ciwo, a hannunki zan duba ta.”

Ya sa ta ba shi labari tun daga farko, yana gyaɗa kai, bai katse ta ba ko sau ɗaya. Sannan ya buɗe inda batir yake, ya kwance shi, ya kai kan katako ya auna. Ya daɗe a kansa, har ta fara leƙen inuwa tana tuna dillali.

“Wannan batir ba shi da laifi,” ya ce. “Yunwa ce ke kashe shi. Ana ta ɗiba ba a zubawa.”

Ya ɗauko wani cikakke nasa ya ɗora mata, ya kankare kawunan har suka yi ƙyalli, ya ɗaure. Ya danna fanbel, bel ɗin da ke juya altaneta, da babban yatsa ya ji tsaurinsa, ya bi wayoyin altaneta ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Daga nan ya maƙala wata tsohuwar mita mai allura, ya jingine ta inda za ta iya gani daga kujerarta.

“Kalli nan, Hajiya. Allura na kan sha biyu da ɗoriya, wannan ƙarfin batir ne shi kaɗai. In inji ya tashi kuma altaneta na aiki, dole ta hau wajen sha huɗu. Tayar, yadda kike yi kullum. Kada ki yi don ni.”

Ta yi bisimilla ta murɗa. Injin ya tashi a hankali, ta bar shi yana ɗan gurnaninsa, ƙafarta ko kusa da totur ba ta je ba. Allura ta ɗan sunkuya ta dawo, ta tsaya cak inda take.

“Kunna manyan fitilu.”

Ta kunna. Allura ta fara zamewa ƙasa, sannu-sannu, a kan idonta.

“To, ga shi nan,” in ji dattijon. “Ba ta caji. Ba ƙarya kike yi ba.”

Wayyo, wannan kalma! Uwar Biyu ba ta san sanda hawaye suka zubo mata ba. Mugun labari ne aka ba ta, amma daɗi ta ji har cikin ranta, don yau dai wani ya ga abin da ta daɗe tana faɗa ana mata kallon mai tatsuniya. Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, to altanetar ce ke nan, a sake kwancewa?

“Tsaya tukuna. Kashe. Yanzu murɗa makulli rabi, kada ki tayar.”

Ya zagayo ya zura kai ta taga, ya ƙura wa allon da ke bayan sitiyari ido. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

“Jajayen fitilu nawa kike gani?”

“Ga ta mai, mai kama da buta. Ga ta birkin hannu.”

“Ina mai hoton batir?”

“Wane hoton batir kuma, Baba? Ni tun da nake shiga motar nan ban taɓa ganinsa ba.”

Ya miƙe tsaye, ya saki numfashi.

“Hajiya, ƙwanki ne ya mutu.”

Zumbur ta juya baya tana laluben kiret. “Wanne? Wallahi ko ɗaya ban fasa ba, ko da aka ja ni da igiya!”

Dattijon ya yi dariya har da tari, sai da ya dafa ƙofa. “Ba na kaza ba, baiwar Allah, na fitila! Akwai wani ɗan ƙwai a bayan allon nan, shi ke kawo jan hoton batir. Mutane sun ɗauka aikinsa kawai ya ba su mugun labari. To a irin tsofaffin motocin nan ba shi ke nan ba. Altaneta ba ta iya farkawa da kanta, sai an ɗiga mata 'yar wuta, kamar yadda ake zuba wa famfo ɗan ruwa kafin ya jawo na rijiya. Wannan 'yar wutar kuwa ta cikin ƙwan take bi. Ƙwai ya mutu, hanya ta yanke. Sai altaneta ta yi ta juyawa a banza, lafiyarta ƙalau, amma barci take.”

Uwar Biyu ta saki baki tana kallon wurin da babu komai sai baƙin gilashi. Duk wannan wahala, duk zagin mararraba, a kan abin da ko gani ba ta taɓa yi ba? Sai kuma hankalinta ya dawo.

“To Baba, in haka ne, me ya sa take caji a hannun sauran? Da idona na ga mitarsu. Kuma maigidana ya yi shekaru yana tuƙa ta, ban taɓa jin an tura shi ba.”

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya shiga sosa haɓa, yana kallon ƙafarta da ke gefe guda a lafe. Can sai idonsa ya buɗe.

“Tayar. Yawwa. Yanzu taka totur.”

Ta ɗan taɓa.

“Haba, wannan ai gaisuwa ce. Taka sosai!”

“Baba, za a ce hauka nake yi.”

“Nan gareji ne, kowa mahaukaci ne. Taka!”

Ta runtse ido ta danna har ƙasa. Bas ɗin ta yi wani irin ruri da ya girgiza kwanon rumfa, kiret suka ɗauki rawa a baya. Da ta buɗe ido, sai ta ga allura ta zabura kamar an tsikare ta, ta haura ta dire a kan sha huɗu. Hasken fitilu da ke kan bango, wanda ɗazu yake ja-ja kamar zai mutu, ya washe fari tas. Ta janye ƙafa, injin ya koma gurnaninsa, allura kuwa ba ta sauko ba.

“Ikon Allah!” in ji dattijon, kuma ba don ita ya faɗa ba, shi kansa tsigar jikinsa ta tashi. “Kin ga, ƙarfen cikinta yana riƙe ɗan sauran maganaɗisu, kaɗan ƙwarai. In aka juya ta da ƙarfin tsiya, wannan ɗan sauran ya isa ya tashe ta, in ta tashi kuwa ba ta komawa sai an kashe inji. Mu makanikai ƙafarmu ba ta zama lafiya. Duk wanda ya karɓi makullinki, kafin ya kalli mita ya riga ya taka. Da ƙafarsu suke gyara ta ba su sani ba, ke kuma ki je gida ki kashe, gobe ki tashe ta da lallami.”

Amma ita ta daina jin sa. Wannan rurin, ai ta san shi! Shi ne ƙarar safiyarta shekara da shekaru. Kullum mijinta ya tayar da mota a tsakar gida sai ya danna totur haka, kaji su watse, jaririn maƙwabta ya tsala ihu. Har suna aka sa masa a layi, Aradu. Sau nawa ta banko taga tana cewa, “Baban Biyu, don girman Allah ka rufa mana asiri, kai ba yaro ba!” Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, “Tashinta nake yi.” Ita ta ɗauka iyayi ne irin na maza. Ranar da makulli ya dawo hannunta, abu na farko da ta ƙudura shi ne an gama wannan abin kunya, har gidan maƙwabta ta shiga ta ce musu su kwantar da hankalinsu.

Ta gaya wa dattijon, muryarta can ƙasa. Ya ɗauko sukundireba ya shiga kwance allon, yana jera ƙusoshin a murfin gwangwani. Ya zura yatsu biyu ya zaro wani ɗan abu da bai fi ƙwayar wake ba, ya busa masa iska, ƙura ta tashi. Gilashinsa ya yi baƙi ƙirin.

“Wannan ya daɗe da mutuwa, ba bana ba, ba bara ba,” ya ce, ya ɗora mata a tafin hannu. “Ina jin maigidanki bai ma san da zamansa ba. Ya dai lura in ya taka fitila na ƙara haske, in bai taka ba a tura shi. Sai ya riƙe. Mutum ya yi shekaru yana yi wa ƙwai aikinsa da ƙafa! Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba.”

Ta juya abin a hannunta. Ba shi da nauyin komai. A cikinsa akwai wani ɗan zare da ya fi gashi siranta, ya tsinke a tsakiya, kuma wai a kan wannan zaren abincin gidanta yake rataye. Tsoron Allah ya kama ta, ga kunya, ga wata irin ƙaunar mutumin nan da ta taso mata.

Ya sa sabo, ya mayar da allon, ya mayar mata da batir ɗinta da ya ɗan sha caji. Ta murɗa rabi, sai ga shi, ɗan jan hoton batir ya fito raɗau a inda da babu komai. Ta tayar da lallaminta na kullum. Jan ya ɗauke, allura ta hau sha huɗu ita kaɗai, ba ruri ba hayaniya. Sai da ta kashe ta sake, ta kuma sakewa, dattijon na tsaye bai hana ta ba.

Da ta iso gida rana ta yi sanyi. Yaya Babba na bakin ƙofa da dillali, wani mai ƙaton tumbi da tun kafin ta tsaya ya fara harbin taya da ƙafa. Ta shigar da motar tsakar gida ta kashe. Mijinta na baranda inda ta bar shi, tagwayen sun gyara masa matashi.

“Yaya, an gano ciwon,” ta ce.

“Haka kika ce wancan karon, ƙanwata.”

“Na sani. Abu ɗaya nake roƙo, ka taimake ni mu sa shi a gaba. Motarsa ce, ya gani da idonsa. In ya gani, duk yadda kuka yi daidai ne.”

Yaya Babba ya je ya sungumo ƙaninsa ya zaunar da shi a kujerar gaba, ya gyara masa matacciyar ƙafar, ya tsaya riƙe da ƙofa. Ta zagaya ta shiga. Ta buɗe masa hannun hagu ta sa masa baƙin ƙwan a ciki, sannan ta murɗa makulli rabi ta nuna masa allon.

Mai Ƙwai ya ƙura wa jan hoton ido. Ya kalli abin da ke hannunsa, ya sake kallon hoton. Ta ga sanda abin ya faɗo masa, don gefen fuskarsa mai rai ya buɗe gaba ɗaya, kamar wanda ya ga ɗan'uwan da aka daɗe da cire rai da shi. Ta tayar a hankali, jan ya ɗauke. Ta kunna fitilu, suka haske katanga tun rana ba ta faɗi ba.

“Baban Biyu,” ta ce, ba ta damu da su Yaya na ji ba, “ashe duk faɗan da nake maka, abincinmu kake tasowa. Ka yafe mini.”

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ba a san ko dariya ba ce ko kuka, hawaye na bin gefen hancinsa. Ya jefa ƙwan a aljihun gaban rigarsa. Sannan ya miƙa hannun hagun can saman kafaɗa, da kyar, ya laluɓo bel ɗin kujera, ya jawo shi a kan ƙirjinsa. Ya kai bakin ramin ya kasa sawa, ƙarfen na ta zamewa, ya sake, ya sake, bai saki ba.

Dillali ya yi gyaran murya ya ce, to Alhaji, ya ake ciki ne, shi fa yana da wani wurin zuwa.

Yaya Babba bai ko waiwaye shi ba. Ya sunkuya cikin motar, ya kama hannun ƙaninsa da nasa, suka danna tare har ya yi ƙas. Ya rufe masa ƙofa a hankali, ya goge fuska da hannun riga, ya je ya wangale musu ƙofar gida.